Malam Cindo da Yarinyar da Aka Ƙi Faɗin Sunanta

Kafin masu shayi su hura wuta a bakin tashar Konni, Malam Cindo makaniki ya riga ya share gindin dogonyaronsa, ya jera sifanu bisa buhu, ya zauna yana sauraren motocin da ke wucewa. Da kunne yake fara aiki. Direbobin Malbaza sun shaida cewa mota takan shigo ya faɗi ciwonta tun ba a kashe ta ba. Bana hasken walda ya ci idonsa, ya ce zai ajiye aiki. Cindo, kunnen garaji!

Ga abin da ya faru da maƙwabcina Inusa a daminar 2006. Inusa direba ne, yana jan tsohuwar kat-kat, motar shiga daji mai shan gazuwal, wato dizal, zuwa kasuwar Illela. Wata safiya saƙo ya iske shi cewa Balki, ɗiyarsa ta fari da ke aure a ƙauye bayan Tajaye, ta daɗe kan gwiwa, haihuwa ta ƙi, ga laka ta hana amalanke fita. Ya tada mota don ya ɗauko ta zuwa asibiti, sai motar ta kama kuka kamar usur, tana aman baƙin hayaƙi, ba ƙarfin hawa ko ɗan tudu. Masu kallo suka ce turbo, mai hura wa inji iska, ya mutu, sai an aiko da wani daga Sakkwato.

Ya lallaɓa ta zuwa garajin Cindo, ya tarar da benci cike da dattawa, har da Alhaji Badaru, abokin mahaifinsa, wanda ake gyaran motarsa.

"Inusa, da sauri ne?" in ji Cindo.

"A'a, Malam. Gama da Alhaji."

Kowa ya san al'adarmu: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, balle ya nuna tashin hankali a kansa gaban manya. Inusa ya zauna. Hantsi ya yi, ya wuce. Dattawa na raha, shi kuwa yana murmushin dole.

Da Cindo ya fito daga ƙarƙashin mota, ya ga shayin da aka ba Inusa ya huce ba a taɓa ba. Ya ja shi gefe kamar zai nuna masa taya.

"Wa ke ba lahiya?"

"Wata yarinya ce, can wajen Tajaye. Tana kan gwiwa."

"Wata yarinya? Ba ta da suna?" Inusa ya sunkuyar da kai. "Kai, Allah shi shirye ka! Yarinyar da ba ta da suna ai ɗiyar fari ce."

Nan take ya kwashe sifanunsa ya koma kan kat-kat.

"Cindo, tawa fa? Haka za ka bar ta tsirara?" in ji Alhaji.

"Alhaji, taka mura take yi. Wagga ko haƙora sunka karye."

Aka yi dariya, kuma ba wanda ya san dalili. Ka rufa masa asiri, Malam, ba ka tozarta shi ba.

Ya sa aka taka mota, ya kasa kunne, ya shafa inda turbo ke haɗuwa da bututun hayaƙi. Yatsansa ya fito baƙi ƙirin. Turbo lafiyarsa ƙalau. Ƙusoshin da ke riƙe shi ne biyu suka karye, iska na zurarewa. Bai jira inji ya huce ba. Ya ɗora noti kan guntun ƙusa, ya yi walda, ya ɗiga kyandir ya ratsa tsatsa, ya murɗa gaba ya murɗa baya har ta fito. Ta biyu ta sake karyewa. Ya sake walda, ƙarfe ya ƙona masa hannu, bai ko duba ba. Da ya ɗaure sababbi, aka tada mota, kukan usur ya ɗauke.

"Tahi," ya ce a hankali. "Yarinyar mutane na jira."

Balki ta rayu. Jaririn bai zo da rai ba. Allah ne masanin ajali, amma Inusa bai daina tuna zaman bencin nan ba. Har yau bai iya yi wa Cindo godiya ba, don godiyar sai an ambaci suna. Yakan je ya gaishe shi, su yi hirar mota, ya tashi.

To, ni zan faɗa a madadinsa. Malam Cindo, kai ne ka ji abin da uba ya kasa furtawa. Mun gode, Allah ya saka maka, ya ba idonka lafiya. Ku matasan garaji, ku koyi tambaya sau biyu. Mu kuwa iyaye, mun ji kunyar kunyarmu. Ni ma ina da ta fari, cikinta ya tsufa, ga damina ta kusa, kuma Cindo ba zai kasance a gindin dogonyaro ba. In ranar ta zo, Allah ya ba ni baki.