Matar da ke Zazzage Jakar Masu Ciwon Zuciya

Ƙarfe bakwai da rabi ta riga ta buɗe tagar ɗakin magani. Ta goge kanta, ta saka tabarau, ta ajiye farin tire a gabanta, sannan ta leƙa layi ta ce, "To, masu zuciya, a matso." Shekara talatin da ɗaya ke nan tana ba da magani a wannan taga, ƙarshen watan nan kuma za ta yi ritaya. Sunanta na jikin katin da ke wuyanta, amma wa ya damu ya karanta? Kowa Anti Zazzage yake ce mata, har likitoci.

Ba banza ta ci sunan ba. Ba ta miƙa wa mai ciwon zuciya ƙwaya ko ɗaya sai ya zazzage mata duk abin da yake sha a kan tiren nan, na asibiti da na kemis, na ciwon gwiwa, har jiƙon da maƙwabciya ta ba shi. Takan ce maganin daidaita bugun zuciya ba da kowane magani yake zama lafiya ba. Layi ya yi tsawo, a yi ta tsaki, ita ko a jikinta.

"In ka manta ba ka sha na safe ba fa?" takan tambayi mutum.

"Sai in haɗa biyu da yamma."

"Wai! Ashe ka gaji da mu. Wanda ya wuce ya wuce, ba a ramuwa. Kuma ko ka ji garau kada ka daina sai likita ya ce. Maimaita in ji."

Manyan mutane masu furfura sun maimaita karatu a gabanta kamar 'yan aji ɗaya, suna yi suna dariya.

Labarin da ya sa na ɗauki alƙalami na wani tsohon kafinta ne, 'yarsa ce ta ba ni shi, don ita ta rako shi ranar. Wata shida yana shan maganin bugun zuciya lafiya lau, sai a wani mako jiri ya fara ɗibarsa. Sau biyu yana zubewa a kan benci yana tsaka da goge katako. Ya ce wa iyalinsa tsufa ne, kada kowa ya dame shi. Ko likita bai gaya wa ba, kai tsaye taga ya zo karɓar na wata mai zuwa.

"Baba, zazzage."

Ya rungume jakarsa. "Jakar nan ko matata ba ta buɗe ta."

"Ita kunyarka take ji. Ni tawa na bar ta a gida."

Ya zazzage yana ƙunƙuni. Ga ƙusoshi uku, ga guntun fensir, ga kwalin magani fari, wanda ita ta ba shi da hannunta, ga kuma wani shuɗi da ba ta san da shi ba. Ta ɗaga shuɗin, ta kai shi kusa da tabarau.

"Wannan fa daga ina?"

Fuskar tsohon ta washe. "Babban ɗana ne ya aiko mini. Ya ce mai kyau ne, na zuciya. Ina shan naki, ina shan nasa, kada wani ya ji haushi."

'Yar ta ce ba ta taɓa ganin dariya ta bar fuskar mutum da sauri kamar yadda ta bar ta Anti ba. Anti ta jera kwalayen biyu, ta nuna musu wani ƙaramin rubutu a ƙarƙashin manyan sunayen. Kamfani daban, launi daban, amma magani ɗaya ne. Kwana tara Baba yana shan ninki biyu na abin da likita ya rubuta. Ta kama wuyan hannunsa tana kallon agogo, ta ƙirga bugu arba'in da ɗaya a minti guda. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce wa abokiyar aikinta ta riƙe taga, ta janyo keken marasa lafiya da kanta.

"Haba, 'yar nan, da ƙafafuna zan hau wannan?"

"Hau, Baba. Yau kai ne manaja."

Likita ya yi masa gwajin zuciya, ya dubi takardar ya girgiza kai, ya ce a kwantar da shi nan take. Kwana uku aka riƙe shi har bugun ya dawo daidai. Ɗan da ya aiko maganin ya iso hankali a tashe, ya tsaya a taga ya kasa haɗa ido da ita. Ta ce masa, "Ƙauna ce ta sa ka, ba laifi ba ne. Amma gobe in za ka aiko, ka fara aiko mini da hoton kwalin."

Anti, ke ce mai duban ƙaramin rubutu lokacin da kowa ke kallon babba. An zage ki a layi, an ce kin cika bin ƙwaƙƙwafi, an kai ƙararki cewa kina ɓata wa mutane lokaci, ba ki fasa ba. Ba a taɓa kiran ki taro an ba ki lambar yabo ba, domin wanda aka tare wa masifa tun kafin ta sauka bai cika sanin an tare masa ba. Mu mun sani, kuma wallahi muna son ki.

Ku matasan da za ku gaji tagar nan, ku yi haƙuri da tsakin layi, ku tambaya, ku duba. Mu kuma masu karɓa, mu daina ɓoye abin da muke sha, mu daina yi wa iyayenmu kyautar magani ba da sanin likitansu ba.

Mun gode, Anti. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi da tsawon rai. Na tambayi 'yar kafinta me zan rubuta miki a madadinsu. Ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Ki gaya mata Baba na shago yanzu haka, yana rigima da wani a kan ƙafar kujera. Bayan Allah, ita ta bar mana shi."