Shirun da Talosaga Ya Bari

Shekara talatin da ɗaya Farfesa Talosaga ya yi yana koyar da kiɗa a wata jami'a a Brisbane, kuma duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa ganin ƙugunsa ya motsa. In ya tsaya gaban makaɗa saba'in da 'yar sandarsa, sai ka rantse kafa shi aka yi. Wuyan hannu kaɗai ke aiki, sai gira in wani ya kwafsa. Ɗalibai suna kiransa Turke a bayan idonsa. Ya sani sarai, kuma daɗin sunan yake ji.

Asalin tsayuwar nan yana ƙauyensu a tsibirin Savai'i. Mahaifinsa Vaelua shi ne fa'aluma na ƙauyen, wato mai tsayawa gaban mawaƙa yana jan su da barkwanci. Mawaƙa na zaune bisa tabarmi sun tanƙwashe ƙafa, shi kuwa yana karkaɗa ƙugu, yana zare ido, yana tafiyar agwagwa, can sai ya yi kamar ya yi tuntuɓe ya baje a ƙasa, jama'a su kwashe da dariya. Kowa na alfahari da Vaelua ban da ɗansa, wanda kunya ke kamar ta kashe shi. Ranar da Talosaga ya samu gurbin karatu a ƙetare, tun a cikin jirgin ruwa ya yi wa kansa alkawari ba wanda zai taɓa yi masa dariya a gaban mawaƙa.

Ya kuwa cika. Ya tsara kiɗa sama da arba'in, an buga su a Sydney da Wellington da garuruwan da mutanen ƙauyensu ko sunansu ba su iya faɗa ba. Abu ɗaya aka san shi da shi: a tsakiyar kowane kiɗa nasa, daidai inda sauti ya kai ƙololuwa, sai komai ya tsaya cik, a ƙirga huɗu, sannan a dawo. Masana suka yi ta zuba rubutu a kan shirun nan. Wata ɗalibarsa mai goge, Bronwyn, da shi ma ta samu digirin digirgir, shafi ɗari uku cif a kan wurin da ba a buga komai ba. In an tambaye shi ma'anarsa, sai ya gyara tabarau ya ce a nan rai ke numfashi. Gaskiyar magana shi ma bai sani ba, haka dai kunnensa ke so.

Vaelua ya rasu bai taɓa ganin ɗansa a bakin aiki ba, don ɗan bai taɓa gayyatarsa ba. Abin nan ya daɗe yana cin Talosaga a rai. Saboda haka shekarar da zai yi ritaya ya tsara waƙa guda da sunan mahaifinsa, ya kwaso ɗalibai goma sha biyu da kayan kiɗansu zuwa ƙauye, don su haɗu da mawaƙan gari sittin su rera ta ranar Asabar da za a buɗe sabon coci.

Gwaji ya tafi lafiya lau har aka kai ga shirun. Ya ƙirga huɗu, ya sauke sanda, ɗalibai suka shigo, mutanen gari kuwa suka zuba masa ido kawai. Aka sake, haka. Washegari ma haka. Ranar Juma'a haƙurinsa ya ƙare, ya je ya durƙusa gaban Gwaggo Sieni, ƙanwar mahaifinsa, 'yar shekara tamanin da huɗu, wadda ke jan muryar mata.

"Gwaggo, don Allah ina wahalar take? Ɗaya, biyu, uku, huɗu, sai ku shigo."

"Mun iya ƙirga, Farfesa," in ji ta tana fifita. "Ni na ƙirga haƙoranka suna fitowa."

"To me kuke jira?"

"Kai muke jira mana. Ka haƙa rami ka ƙi faɗawa." Ta dube shi sama da ƙasa. "Wai da gaske ba ka sani ba? Wurin nan da ka bari ai na faɗuwar ubanka ne. Ɗaya ya yi tuntuɓe, biyu ya kai ƙasa, uku a yi dariya, huɗu ya ɗaga ƙafa sama mu shigo. Shekara arba'in da ƙafar nan muke shiga waƙa, ina ruwanmu da tsinkenka? An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kai ko rarrafen ka ƙi yi."

Talosaga ya tashi ya koma masauki. Ranar an ajiye masa gwaza da kifi a madarar kwakwa, har suka huce bai taɓa ba. Ya bi kiɗansa ɗaya bayan ɗaya a zuci, ya tarar da tsohon kwance a tsakiyar kowanne, ƙafa a sama. Ashe duk gudun da ya yi, tare suka tafi. Yanzu kuma zaɓi biyu ne: ko dai mutum mai shekara sittin da uku da ciwon gwiwa ya zube a gaban ɗalibansa, ko waƙar ubansa ta mutu a tsakiya a gaban gari duka.

Asabar da hantsi harabar coci ta cika da fararen kaya. Talosaga ya fito da kwat a sama, zane a ƙasa, fuska a murtuke kamar kullum. Kiɗa ya tashi, ya hau, ya kai ƙololuwa, ya tsaya cik. Talosaga ya yi taku ɗaya, ya harɗe ƙafarsa da gangan, sai dai gwiwar ta ƙarasa masa aikin da gaske. Ya faɗi rim, sanda ta yi gabas, tabarau ya yi yamma. Dariyar da aka yi, har fasto sai da ya dafa gini. Talosaga ya cije, ya ɗaga ƙafa sama.

Murya sittin ta shigo lokaci guda, ba wanda ya riga wani. Yana kwance rigingine yana kallon ganyen kwakwa, waƙar tana wucewa ta kansa, ya ji ta daga inda ubansa ya saba jin ta. Farin ciki ya cika shi, hawaye na gangarawa cikin kunnuwansa, ya ƙi tashi har aka yi nisa.

Da aka tashi Bronwyn ta kawo masa tabaransa, ita ma idonta ya yi ja don dariya.

"Farfesa, shafina ɗari uku fa?"

"Ƙara ɗaya, ki zana ƙafa."

Gwaggo Sieni ta ƙaraso tana dogara sandarta, ta kakkaɓe masa ƙasa daga kafaɗar kwat, ta daɗe ba ta ɗauke hannun ba.

"Ta hagu ubanka ke ɗagawa," ta ce. "Amma ba laifi ga ɗan koyo."

Talosaga ya kama hannunta ya ce, "To nuna mini sauran, Gwaggo. Yanzu ina da lokaci."