Karen da Ya Dawo Mini da Dutsena

A ƙauyenmu na ƙasar Maraɗi ba a zaunar da yaro a koya masa korar kare. Gani yake yi. Kare ya taso maka, ka sunkuya kamar za ka ɗauki dutse, shi ke nan, zai maƙe wutsiya ya ba ka hanya, ko da babu dutsen a ƙasa. Na fi shekara arba'in ina wannan sunkuyon, bai taɓa ba ni kunya ba, sai a Riyad, a wani lambun wasan yara da ke unguwar Shifa.

Lokacin ina aiki a gidan wata malamar makaranta, ina renon 'yarta mai shekara huɗu, wadda take kirana Dada. Akwai abin da sai na faɗa kafin labarin ya yi ma'ana. Iƙamata, wato katin zamana a ƙasar, ba sunan wannan gidan take ɗauke da shi ba. Tsohuwar da ta ɗauko ni daga gida ta rasu, 'yar ƙanwarta ta karɓe ni, aka ce za a mayar da takarduna kanta. Yau, gobe, yau, gobe, har wata biyar. A idon hukuma ni mai aiki ce a gidan da ba a rubuta ni ba. In ɗan sanda ya karɓi katin ya tambaye ni 'yar wa nake riƙe da ita, daga nan sai tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Ga 'ya'yana can gida da aikin nan yake ciyarwa.

Madam ta san halina. Duk ranar da za mu fita sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ki kama bakinki har a gama takardun nan." Ni kuwa Allah bai halicce ni da murfi a baki ba. Ko mijina, Allah ya jiƙansa, ya san da haka.

Da sanyi ya shigo kullum bayan la'asar muke zuwa lambun. Matan unguwa suna shimfiɗa darduma a kan ciyawa, ga gahawa, ga dabino, yara kuma suna cikin filin yashi inda aka kafa lilo da abin zamewa. Mu masu aiki wani benci na siminti ne namu a gefe. A nan na saba da wata 'yar Damagaram mai renon tagwaye. Ta girme ni a ƙasar, na girme ta a shekaru, sai take ce mini Yaya.

A ƙofar lambun akwai allo, an zana kare an ja masa jan layi, an yi rubutu a ƙasa. Ni sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa har yau ba na wuce allo ban karanta ba, na boko ne ko na Larabci. Na karanta wannan ɗin tun ranar farko, baƙi bayan baƙi: an hana shiga da dabbobi.

Sai ga wani saurayi ya fara zuwa da kare. Ɗan ƙasa ne, da gajeren wando da abin sauraro a kunne. Karen kuwa ya kai rago, gashinsa ruwan zuma, a wanke a taje. Da sun shigo sai ya kwance masa igiya ya zauna yana danna waya. Kwana huɗu a jere ina ganin karen nan yana ɗaga ƙafa a gindin lilo, a cikin yashin da yara suke tonawa da hannu. Matan darduma ba su gani ba, hira ta ɗauke su. Na je na sami mai gadi, wani dattijo ɗan Sudan, na gaya masa. Ya dubi saurayin, ya dube ni.

"Hajiya," ya ce, "ni da ke duk baƙi ne."

A rana ta biyar yarinyata tana zaune a yashi tana cika kofi tana juyewa, sai na ga karen ya nufo ta a guje. Ban san lokacin da na tashi ba. Na shiga tsakaninsu, na ce "Kai!" na sunkuya.

Bai gudu ba. Ya tsaya cak, ya miƙe kunnuwa, yana kaɗa wutsiya, idonsa a kan hannuna. Na ce a raina, wannan ɗan taurin kai ne. Hannuna ya lalubo dutse na gaske, kamar ƙwan kaza. Na wurga shi ta saman kansa don ya san ba wasa nake ba.

Ashe wasan na buɗe masa. Ya juya ya bi dutsen, ya ɗauko a baki, ya dawo ya ajiye mini a kan ƙafa. Kafin in gane abin da ke faruwa ya ɗora ƙafafunsa na gaba a ƙirjina, na yi baya, ya sauka a kan yarinyar ya kayar da ita, ya shiga lasar fuskarta. Ihun da ta yi har yau yana kunnena. Na cire takalmi na tsula masa a hanci, na fizge ta na rungume.

"Kin jefi karena!"

Saurayin ne, ya iso da waya a sama, ya saita ta a fuskata yana ɗaukar hotona. "Na gan ki. Kin jefe shi da dutse, kin buge shi da takalmi. Ke wace ce?"

Larabcina na kasuwa ne da na kicin, amma yana isata faɗa.

"Ka iya karatu?" na ce. "Ga allo can. Ni da na tsufa kafin in riƙe alƙalami na karanta shi. Wurin yara ne nan ko wurin karnuka?"

"Ba ya cizo. Wasa yake yi."

"Ka kai shi gidanku ya yi wasa da ƙannenka."

Fuskarsa ta sauya. Ya sauke murya, abin da ya fi ihun ban tsoro. "Wa kike wa aiki? Ba ni lambar mai gidanku. A'a, bari ma, 'yan sanda su zo su karanta mana allon. Su duba iƙamarki kuma."

Ya faɗi haka ne don ya san duk baƙo kalmar tana taɓa shi. Bai san ni a kan gyambo ya taka ba. Na ji 'yar Damagaram ta dafa bayana, ta yi magana da Hausa ba tare da ta motsa leɓe sosai ba.

"Yaya, wata biyar. Ki tuna."

"Shi ne fa da laifi."

"Na sani. A jirgi za ki yi bayanin?"

Yatsansa yana kan waya. Yarinyar tana shessheƙa a wuyana, yawun kare yana danƙo a kumatunta. Na dubi ƙasa na ce, "Asfa." Wato a yi haƙuri.

"Ban ji ba. Dubi nan ki faɗa."

Na ɗaga kai na dubi wayar na sake faɗa. Na haihu sau biyar, ban taɓa jin abin da ya fita daga jikina da wuya kamar kalmar nan ba. Ya yi murmushi, ya koma bencinsa, bai ma ɗaure karen ba.

Na durƙusa a nan inda nake, na zaunar da yarinyar a cinyata, na ciro gorar ruwa. A wajenmu malamai sun ce ƙwaryar da kare ya sha a cikinta ce ake wankewa sau bakwai. Mutanen can kuwa duk abin da yawunsa ya taɓa sai sun wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa, kuma haka ake yi a gidan madam. Na fara wanke mata fuska ina ƙirgawa da ƙarfi da Larabci. Ba zan yi ƙarya in ce ban san abin da nake yi ba. An hana ni faɗa, ba a hana ni tsarki ba.

Wata tsohuwa da ke kan darduma mafi kusa, mai sanda da ƙaton tabarau, tana kallona tun ɗazu. Da na kai uku ta ce, "'Yata, ba ki sa ƙasa ba. Ga yashi nan a gabanki."

"Ba zan ɗebi wannan ba, Hajiya," na ce, yadda kowa zai ji. "Kwana huɗu ke nan karen nan yana fitsari a cikinsa. Can gindin lilo. Daidai inda jikanki yake zaune."

Jikan yana can ya cusa yatsu a baki.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa a lambun nan ba. Mata suka miƙe lokaci guda, kowace tana kiran ɗanta, ana kakkaɓe riguna, ana ƙwace cokula da kofuna. Tsohuwar ta dogara sandarta ta nufi saurayin, sauran suka bi ta. Su babu katin da za a tambaye su. "Ɗan gidan wa ne kai?" in ji ta. "A yashin nan jikokina suke birgima su shigo mini ɗaki, su hau dardumar sallata!" Ya ce ba ya cizo. Ta ce wa ya yi maganar cizo? Ya ce zai kira hukuma. Ta ce, "Ajiye wayarka, ni zan kira."

Sai ta juyo ta damƙe wuyan hannuna. "Ke tsaya nan. Ke ce shaida."

Wutar da na hura ta juyo kaina. Na nemi 'yar Damagaram da ido, na gan ta can ta tattara tagwayenta, ta ɗora hannu a ka. Tsohuwar ta miƙa wa 'yarta waya ta ce ta nemo mata lamba. Hannun tsohuwar kamar na maƙeri, ga yarinya a ɗaya kafaɗata, ba halin gudu, kuma wanda ya gudu ya nuna kansa.

Saurayin ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya ɗaure karen ya ja shi zuwa mota yana ƙunƙuni. Amma tsohuwar ba ta sake ni ba. "Na ga lambar motarsa," ta ce. "Za su zo ki gaya musu kwana nawa."

Na matso da bakina kusa da kunnenta. Ban taɓa faɗa wa ɗan ƙasa wannan maganar ba, kuma ban san me za ta yi da ita ba.

"Hajiya, takarduna ba su kammala ba."

Ta juyo ta dube ni ta saman tabarau. Ta daɗe tana dubana. 'Yarta ta ce, "Mama, in danna?"

"Bar shi," in ji tsohuwar. Ta saki hannuna. "Tafi ki ƙarasa wanke yarinyar mutane a gida. Saura huɗu, kuma ki sa ƙasa."

A hanya yarinyar ta daina kuka. Muna daf da gida ta ce, "Dada, me ya sa kika ce masa asfa? Ai karensa ne ya kayar da ni."

Na ce, "Don in kai ki gida da kaina."

Ban jira hoton da ya ɗauka ya riga ni zuwa wurin madam ba. Da ta fito daga sallar magariba na gaya mata komai, har dutsen. Ta yi faɗa kamar za ta cinye ni. Na bari ta gama, sannan na ce, "Da 'yarki a hannuna za a tafi da ni yau. Wa zai kawo miki ita?" Ta shige wurin mijinta ta rufe ƙofa. Takardun da aka yi wata biyar ana ja, kafin ƙarshen watan nan an gama su.

'Yar Damagaram ba ta bar ni na huta ba. Har ta koma gida in ta hango ni sai ta ce, "Ga Yaya mai horar da karnuka. Yau me za a jefa masa?"

Saurayin bai sake dawowa ba. Amma da sanyi ya kusa wucewa wata budurwa ta shigo da ƙaramin kare fari mai jan ƙyalle a wuya, ta sauke shi a bakin yashi. Na taɓa jakata, na ji katina a ciki. Ban sunkuya ba. Na taka har gabanta, na yi mata sallama, na ce ta zo in nuna mata wani allo.