Wa Za Mu Kira Yanzu, Cleotis?

Daga Allah muka fito, kuma komai daɗewarmu a nan gare shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Yuli, da yamma rana ba ta ko faɗi ba, 'yan sanda suka harbe Ɗan'uwa Cleotis Varnado a ƙofar gidansa da ke Layin Sycamore. Ya rasu yana da shekara saba'in da ɗaya. Ya bar 'ya ɗaya, Renita, ya kuma bar layi guda cike da mutanen da ba su san inda za su sa kansu ba.

Ni ce Earline Battiste, shugabar matan kicin a majami'armu, maƙwabciyarka ta tsallaken titi tun kafin furfura ta san hanyar kawunanmu. Fasto ne ya ce in rubuta wani abu a kanka, wai na fi kowa saninka. Na ce masa ni suya na iya, ba rubutu ba. Ya ce in rubuta kamar da kai nake magana. To, ga ni, Cleotis, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne na gaji. Na gaji da soya tarwada don zaman makoki irin wannan. Na gaji da yanka burodin masara ina jera wa mutanen da suka sa riga mai hoton mamaci a ƙirji. Na san wata rana zan yi maka girkin bankwana, tunda ka girme ni kuma ba ka jin maganar likita, amma ban taɓa kawo wa raina cewa naka ma irin wannan zai zama ba.

Matasan layinmu sun taso sun tarar ana cewa "a kira Cleotis", ba su san mafarin abin ba. Bari in gaya musu. Shekarun baya akwai Odessa Mims, mai ɗa ɗaya, Jarvis, wanda taɓin hankali kan taso masa lokaci-lokaci. Wata rana ciwon ya tashi, uwar ta rasa yadda za ta yi, ta kira lambar gaggawa don a kai shi asibiti. 'Yan sanda ne suka zo. Bayan mako muka binne Jarvis. A wajen cin abincin makoki, a ɗakin taro na ƙasan majami'a, ka miƙe da faranti a hannu ka ce:

"Jama'a, ni ban iya wa'azi ba. Amma daga yau duk wanda abu ya taso masa a layin nan, kafin ya taɓa waccan lambar, ya kira ni. Na yi ritaya, ba abin da nake yi sai cin abincin Earline, shi ma gishiri ya yi masa yawa."

Na ce, "To ajiye farantin mana, wa ya roƙe ka?"

Aka yi dariya, dariyar farko a wannan makon. Ba ka ajiye ba, har ƙari ka nema. Odessa kuwa ba ta yi dariya ba, kuma ba ta sake yi ba. Kullum maganarta ɗaya ce, ita ta kira su. Ta daina fita, ta daina zuwa sujada, ta bushe a tsaye muna kallo. Shekara ba ta zagayo sau biyu ba muka kai ta kusa da ɗanta. Likita ya ce zuciya ce. Mu dai mun san abin da ya ci ta.

Tun daga nan abin ya zama al'adar layinmu. Yaro kan haddace lambar wayarka kafin ya iya ɗaure igiyar takalminsa. Kai kuma kana da yadda kake yi. Ba ka zuwa a guje. Sai ka ajiye tsohuwar motarka ta ɗaukar kaya can nesa, ka sauko, ka nufi inda ihun yake a hankali, kana isowa ka cire hula. Kana cewa mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta, babu ihun da ya rage a duniya da zai firgita shi.

Na tuna ranar bikin 'yancin ƙasa, da aka yi ta harba wutar wasa tun rana tsaka. Lamont Pickens bai daɗe da dawowa daga yaƙi ba, ƙarar ta juya masa kai, ya fito tsakiyar titi da sandar ƙarfe yana ba mutanen da ba ma gani umarni. Kowa ya kulle ƙofa. Kai ka je ka zauna a bakin kwalbati, ka ce masa, "Soja, injin motata na wani irin kuka, ni kuma kunnena ya tsufa. Zo ka saurara mini." Ka yi ta maimaitawa har ya zo. Kuka sunkuya kan injin da lafiyarsa lau, daga nan ka kai shi asibiti da kanka. Yau Lamont yana da garejinsa da 'ya'ya mata biyu. Yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatinka, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Kuma ba lallashi kaɗai ka iya ba. Akwai wani, ba zan kama suna ba tunda ya shiryu, da ya mai da dukan matarsa sana'a. Ka sa shi a mota ka kai shi gidan wansa a wani gari, ka ce idan ka sake ganin ƙafarsa a layin kafin matar ta ce ya dawo, za ka karanta labarinsa a gaban ikkilisiya ranar Lahadi, tun daga farko. An kira ka don maciji a ƙarƙashin baranda. An kira ka don tsohuwa ta manta inda ta ajiye haƙoranta na roba. Duk ka je. Ba waliyyi ba ne kai, kada a ce na yi maka kwalliya: ga taurin kai, ga musu a kan ƙwallo, ga satar kek ɗin dankalina alhali kana da ciwon suga. Amma a shekarun nan duka ba a sake zubar da jini a Layin Sycamore ba, sai naka.

Abin da ba mu taɓa tambayar kanmu ba shi ne, ranar da Cleotis ne ba lafiya, wa za a kira?

Bayan rasuwar matarka Loretta, Renita ta bar aikinta a arewa ta dawo gida don ta kula da kai. Ran Talatar nan kana aske ganyen shingen ƙofar gida sai suganka ya faɗi. Ta fito ta same ka gumi na zuba, kana surutai, ba ka ma gane ta ba. Ta kawo lemo ka ture kofin. Ta ƙwala mini kira, ni kuwa na kai mijina ganin likitan ido. Ta kira Lamont, yana ƙarƙashin mota bai ji ba. Kana tangaɗi, leɓɓanka sun canja launi. Sai ta kira lambar. Ta ce motar asibiti take so, tsoho ne, suga ne, ta faɗa ta sake faɗa. Matar da ta ɗauka ta tambaye ta ko akwai wani abu a hannunka. Kai ka rene ta a kan kada ta yi ƙarya, Cleotis. Ta ce akwai almakashin aske shinge.

Motocin 'yan sanda suka riga motar asibiti isowa. Suka fito suna daka tsawa, wannan na cewa ka tsaya, wancan na cewa ka kwanta, Renita na ihu daga baranda cewa ba shi da lafiya. Kai ba ka san inda kake ba, ba ka san 'yarka ba, amma jikinka bai manta aikinsa ba. Ka ji ana ihu, sai ka nufi wurin a hankali kamar yadda ka saba. Waɗanda suka gani ta taga sun ce har ka ɗaga hannu za ka cire hula.

Sauran kuwa duk mun san shi, mun haddace kamar addu'ar cin abinci. An ce ana bincike. An ce an ba waɗanda suka yi harbin hutu. An ce hoton bidiyon ba zai fito ba tukuna. Aka kunna kyandir, aka ɗaura balan-balan a jikin shingen da ba ka gama askewa ba. 'Yan jarida suka tattake wa mutane fulawa, suka tambaye mu yadda muke ji. Kafin mu binne ka har an kashe wani a wani gari, 'yan jaridar suka naɗe wayoyinsu suka bi can. Da ƙuruciyata na yi tattakin zanga-zanga har takalmina ya tsinke. Yanzu gwiwoyina sun ƙi, kuma gaskiya zuciyar ma ta fara ƙi. Ba fushin ne ya ƙare ba, ƙarfin ɗaukarsa ne babu.

Amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. Renita ce. Ta rufe labule, ta daina cin abinci, kuma na ji kalmomin Odessa sun fito daga bakinta ɗaya bayan ɗaya. Mutane kuma ba su taimaka ba. A cikin kicin ɗina, a kan tukunyata, wata ta ce, "Ita da ta girma a gidan, ba ta san dokar layin nan ba? Zaman arewa ya mantar da ita." Na karɓe ludayin hannunta na nuna mata ƙofa. Amma magana zarar bunu ce, ta riga ta kai kunnen yarinyar.

Ranar jana'iza, Asabar, ta ƙi shiga majami'a. Ta zauna cikin motar iyalai ta ɗage gilashi. Aka yi waƙoƙi, aka yi wa'azi, jama'a suka zagaya suka yi maka kallon ƙarshe. Sai aka zo inda kowa ya sani: ɗan mamaci, ko 'yarsa, ke jan farin mayafin cikin akwati ya lulluɓe shi, kamar yadda ake lulluɓe yaro zai yi barci, sannan a rufe. Ba wanda ke yi wa mai ɗa wannan. Kujerar gaba babu kowa. Mawaƙa suka kai ƙarshen baiti suka sake komawa farkonsa. Mai kula da gawa ya dubi Fasto, Fasto ya dube ni. Na fita da ƙyallen girkina a ɗaure, na ƙwanƙwasa gilashin har ta sauke.

Na ce, "Renita, fito. Ubanki na jira."

Ta ce, "Mama Earline, da wane hannun? Da wanda ya danna lambar?"

"Da shi. Ba shi ne yake masa allura kullum da safe ba?"

Ta dube ni, idanun nan sun kumbura. "Ke da ke ce, wa za ki kira?"

Na ce, "Shi zan kira, ga shi kuma shi ne ba lafiya. Bayan shi kuwa, wannan lambar dai. Ba mu da wata, 'yar nan. Ba a ba mu wata ba."

Sannan ta buɗe ƙofa. Na riƙe ta muka ratsa tsakiyar majami'a, jama'a suka miƙe, har da masu tsegumin. Ta ja mayafin, ta gyara maka shi a kafaɗa, ta soke gefe da gefe. Mawaƙa sun yi tsit, don haka kowa ya ji lokacin da ta sunkuya ta ce, "Baba, ka yafe mini."

Cleotis, a nan ne na yi abin da ba a yi. Na tsaya ina jiran wani ya ce wani abu, ba wanda ya ce, kai kuma ba ka da baki. Sai na ari bakinka na ci maka albasa. Na ɗaga murya yadda har na kujerar baya zai ji, na ce, "Ba abin yafewa, 'yata. Likita kika kira mini." Ta faɗo jikina, muka durƙushe tare a gaban akwatinka, aka rufe. Idan ba abin da ke ranka na faɗa ba, ka jira ni, ba daɗewa zan yi ba, sai mu yi musun a can. Amma na san ka.

Ya Ubangiji, ka ji ƙan bawanka Cleotis Varnado. Ka gafarta masa kurakuransa, ka ba shi hutun da bai samu a nan ba, a inda ba mai tashinsa don rikicin wani. Ka dubi jininsa da na waɗanda suka riga shi, ka yi shari'ar da muka gaji da jira. Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙanwarsa Vernell da iyalanta, da dattawan ikkilisiya, da Lamont, da duk wani gida a Layin Sycamore da ya taɓa kiransa.

Ke kuma Renita, ta'aziyyata gare ki ta fi ta kowa nauyi. Na san har yau ba ki yarda ba, na gani a fuskarki jiya da kika karɓi kwanon miya kika ajiye ba ki buɗe ba. Allah ya ba ki haƙuri, ya ba ki barci, ya ba ki tsawon rai. Allah ya sa wata rana ki yarda da abin da na faɗa miki a gaban ubanki, domin ba lallashi ba ne, gaskiya ce.