Jujin Inna a Gidan Haya

Ranar Lahadi ce, mako biyu bayan an gama casar masara, a shekarar da na shiga aji huɗu, motar katako ta sauke mu a wata sabuwar unguwa can gefen Kaduna. Tun da sassafe muka baro ƙauyenmu da ke bayan Dayi, ni da ƙannena biyu a kan buhunan dawa, kwandon kaji a gabana, akuyar Inna ɗaure jikin ƙarfen mota tana ta kuka har muka wuce Funtuwa. Da motar ta tsaya ban jira an sauke ni ba, na diro da murnata, ni ga 'yar birni. Ƙafata ta dama kuwa sai cikin lambatun ƙofar gidan, ta lume har ƙauri. Baƙi ne wuluk, da kauri kamar kunun da ya kwana, ga ɗumi. Wannan ɗumin shi ne har gobe in na tuna tsikar jikina ke tashi. Na zaro ƙafa, wani dogon gashi ya naɗe mini yatsa, ƙudaje suka tashi buu, wari ya bugi ƙirjina. Wata mata a kan benci tana cin gyaɗa ta ce, "Sannunku da hanya, an fara da wanka ke nan." Inna ta leƙo ta cikin mayafi, ta dubi lambatun, ta dubi Baba, ta ce, "Malam, nan ne gidan?" Shi kuwa ya shiga kwance igiyar kaya.

Ku bari in gaya muku inda muka fito, sannan za ku gane. A ƙauyenmu in ana maganar tsafta, to Inna Hure ake nufi, wato mahaifiyata. Tsakar gidanta daɓe ne, sau biyu take share shi a rana, har sawun tsintsiya ya fito layi-layi kamar an yi masa kitso. Randarta in ka leƙa sai ka ga fuskarka. Tsofaffi kan kawo mata amare wai su wuni su ga yadda ake riƙe gida. Kuma a wajenmu shara ba abin zubarwa ba ce, dukiya ce. Kowane gida yana da jujinsa a bayan danga: tokar murhu, kashin awaki na turke, na kaji daga akurki, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, ganyen darbejiya, duk can ake tarawa su bushe su ruɓe a hankali. Aikina ne kullum da hantsi in kwashe toka a tsohon faranti in kai, sannan in tafi makaranta da farin ƙafa. Inna ba ta yarda ko ƙyallen leda ko fasasshiyar kwalba su shiga jujinta. In ta gani sai ta tsince da hannu, ta kuma bi sawun wanda ya zuba. In bazara ta yi, Baba ya ɗora wa jaki mangala, ya yi ta jigila zuwa gona, mu yara muna biye muna tsalle daga wannan tsibi zuwa wancan. Masararmu takan yi baƙi-baƙi don ƙoshi, goyo biyu-biyu. Mutanen gari kan ce, "Masarar Malam Sule daga tsintsiyar matarsa take fitowa." In ta ji sai ta sunkuyar da kai, amma na san daɗi take ji, don ranar miya takan fi mai.

Rabon gado ne ya tashe mu. Da kakanmu ya rasu aka yanka gonar, abin da ya faɗo wa Baba bai wuce a yi masa huɗa kafin azahar ba. Wani abokinsa ya samo masa aikin auna masara a kamfanin abincin kaji, shi ne ya bar wa ƙanensa 'yar gonar ya kwaso mu. Gidan da ya kama mana ɗaki takwas ne suna kallon juna, gini sabo fil, fenti ruwan ƙwai, har da wutar lantarki. Amma banɗaki ɗaya ne tal ga mutum fiye da talatin, kuma na taɓa aunawa da ƙafata, taku bakwai ne tsakanin masai da rijiyar da ake sha. Da safe sai ka ga layi, kowa da butarsa, ana gaisawa ana matse ciki. A ƙauye ko mijinki ba ki so ya ga kin nufi bayan gida, nan kuwa har ƙwanƙwasa maka ƙofa ake yi a ce ka yi sauri.

Matan gidan fa in sun yi kwalliya sai ka rantse matan gwamna ne. Akwai Maman Walid, mai cin gyaɗar nan, wadda jaririnta ne kaɗai ke sa famfas a gidan. Akwai Anti Bilki mai ƙarin gashi, in ta wuce turarenta ya yi minti biyar bai bar wurin ba. Amma tukunya sai ta kwana uku a ƙofar ɗaki, ƙanzo ya yi saƙar gizo, ɓeraye manya kamar kyanwa suna shiga suna fita da rana tsaka, ba sa ko gudu. Sauran shinkafa, sauran tuwo, a juye a lambatu. Ranar da Inna ta fara ganin an zubar da tuwo sai da ta yi salati da ƙarfi, ta ce, "Ko kaji ba su da shi ne a garin nan?" Yaro ya yi kashi a leda, a ƙulle, a wurga ta bayan katanga, inda ta faɗa nan ne rabonta. Ni dai sati na farko gaya nake cin tuwona a ƙuryar ɗaki, hancina cikin wuyan riga.

Inna ba ta iya zama da haka ba. Tun kafin kowa ya buɗe ƙofa take share gidan kaf, daga zaure har bakin rijiya, ba wanda ya sa ta. To, ga lungu a bayan ɗakinmu, ga toka tunda ita da icce take girki su da risho, ga akuya, ga kaji. Sai ta yi abin da ta tashi ta ga ana yi: ta fara tara juji, da niyyar in bazara ta yi a ɗura a buhu a aika gida a zuba wa 'yar gonar Baba. Har ma, saboda gudun cin haƙƙi, ta je ƙofar Maman Walid ta ce, "Hajiya, sharar nan da nake kwashewa da taku a ciki. In lokacin ya yi ko za a raba ne?" Maman Walid ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ƙwala wa Anti Bilki kira wai ta zo ta ji, za a raba musu gadon shara. Inna ta dawo tana murmushi, a zatonta yafe mata suka yi.

Ashe su abin da suka fahimta shi ne an buɗe musu bola a cikin gida, sun huta da tafiya bakin titi. Da farko ɓawon lemo ne, Inna ta ce ba komai, zai ruɓe. Sai gwangwanaye. Sai kayan cikin kifi. Sai famfas, a naɗe kamar ƙullin alala, a cusa ƙarƙashin toka don kada a gani. Ta tsince, ta yi magana a hankali, kowa ya ce ba shi ba ne. Hannu biyu ba su tsince abin da gida guda ke zubawa. Da aka yi ruwan farko, rana ta biyo baya, lungun nan ya tashi. Wari ne mai zaƙi-zaƙi, irin mai manne wa a maƙogwaro, har a cikin kokon safe kana jin sa. Tsutsotsi farare suka fara rarrafowa ƙofar ɗakinmu. A satin nan Walid ya kamu da gudawa, sai da aka kwana biyu da shi a asibiti. Ba wanda ya ambaci rijiya. Aka ce jujin 'yar ƙauye ne. Daga ranar sunan Inna ya koma Maman Bola, ana faɗa ana ƙyaƙyatawa a layin banɗaki. Sunan ya bi ni har makaranta. Ana gaɗa a filin makaranta lokacin tara, na shiga, wadda za ta cafe ni ta janye hannu ta ce ita ba ta taɓa 'yar bola. Na faɗi da baya, aka yi shewa.

Ranar Juma'a bayan masallaci Alhaji mai gidan ya zo, farar shadda, hankici a hanci. Ya tsallako lambatun ƙofarsa da ya toshe tun kafin zuwanmu bai ko dube shi ba, ya tsaya daga nesa yana nuna lungun da makullin mota. A gaban kowa ya ce wa Baba, "Malam Sule, ni mutane na ba haya. Ka gaya wa iyalinka nan ba ƙauye ba ne. Gobe da yamma zan dawo, ko juji ko ku." Baba ya yi ta ba da haƙuri, hularsa a hannu. Ba mu da inda za mu. Gonar ba ta ciyar da mu, aikin kuma bai cika wata shida ba. Inna tana bayan labule, ta ji komai. Ba ta yi kuka ba. Ta dai ƙi cin tuwo.

Gari na wayewa ta ce, "Ke 'yar nan, samo leda biyu ki ɗaura a hannu." Ita da tsinke, ni da tsohon faranti, muka durƙusa gaban jujin. Kada Allah Ya maimaita mini wannan wunin. Famfas in ya sha ruwa kumbura yake yi, ka taɓa ya fashe, wani abu kamar daskararren koko ya zubo, tsutsa na motsi a ciki. Sau biyu ina amai. Inna ta ce, "Ki yi amanki ki dawo, ba mu gama ba." Na zaci bakin titi za mu kai, sai na ga tana ware su kashi-kashi. Ashe duk watannin nan da take shara ta san abin da kowane ɗaki ke ci da abin da yake yarwa. Ta ɗauki kason famfas ta ajiye shi tsaf a ƙofar Maman Walid. Gwangwanayen kifi ta kai ƙofar wani malamin makaranta gwauro. Gashi da ƙarshen jan baki, ƙofar Anti Bilki. Haka ta bi ɗaki bakwai.

Maman Walid ta fito da zani a ƙirji tana ihu, "Maman Saude, wane irin wulaƙanci ne wannan?" Ranar ta tuna sunana. Inna ta ce, "Ajiyarki ce, Hajiya. Na ga ta daɗe a wurina." Malamin ya tattara gwangwanayensa ya fice. Anti Bilki ta rantse gashin nan ba nata ba ne, sai Maman Walid, da ke tsakiyar faɗa da mu, ta juya ta ce, "To na wa ne, na akuya?" Faɗan ya koma tsakaninsu. Mu kuma muka baza abin da ya rage a rana, Inna ta tankaɗe shi da tsohuwar rariya: toka, kashin akuya, ƙaiƙayi, buhu biyar, ƙanshin ƙasa kawai suke yi. Da yamma Alhaji ya zo ya leƙa lungun, ya gan shi fes. Ya ce mu zauna, amma ban da akuya, ban da tara shara. Tulin da ke ƙofofin sauran kuwa tsallake su ya yi.

Buhunan ba su je gida ba, direban da aka nema ya kai su ya ce shi ba ya ɗaukar juji. Baba ya kirawo wani tsoho mai lambu a bakin kogi ya zo da amalanke. Tsohon ya kwance bakin buhu, ya cusa hannu har gwiwar hannu, ya murza, ya shinshina. Ya ce, "Malam, wace mai tsaftar ce ta tara wannan? Rabona da irinsa tun ina garinmu." Matan gidan duk sun tafi biki. Daga ni sai Baba, sai Inna a bayan labule. Da na shiga na tarar da ita tana ta ninke zanin da yake a ninke.

Washegari ta ɗauki tsintsiya ta share ƙofar ɗakinmu, daidai faɗin tabarma, ta tsaya. Ta kwashe tokar murhu da kanta, ta fita zaure, ta tsaya jim, sannan ta juye ta cikin lambatu kamar kowa. Ina kallo tokar ta yi yawo a sama, ta jiƙe, ta nutse. A ranar aka daina ce mata Maman Bola a gaban idonta, har Maman Walid ta aiko mana da kunu, wai yanzu ta waye.

Shekara shida muka yi a gidan kafin mu koma ƙauye. Yanzu ina aure a Malumfashi, gidan kanmu, rijiyarmu nesa da masai, don ni na tsaya a kan magina. Amma in na fita ƙauye da bazara, tifa nake gani tana juye bolar gari a gonaki, manoma na godiya, leda baƙa da fara na kaɗawa a jikin kunya har inda ido ya tsaya. Inna ta tsufa, tana nan a ɗakinta na da, ba ta sake tara juji ba. In jikoki sun tambaye ta sai ta ce ta manta yadda ake yi. Nakan so in koma safiyar da nake ɗauke da farantin toka, lokacin da ban san akwai abin da ake ce wa shara a yar ba. Ɗakin hayar dai mun tsira da shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, kafin shekara ta zagayo, ni ma na daina toshe hanci.