Kakar da Nako Dadrahim Ya Ɓoye

Nako Dadrahim ya yi shekara talatin yana kwandastan bas a unguwar Lyari, bai taɓa yarda da fasinjan da ya yi masa murmushi ba. Da ya ajiye aiki, sai zarginsa ya koma kan masu bincike, waɗanda ke shigowa unguwarmu ta al'ummar Sheedi da rikoda, suna tambayar yadda aka kawo kakanninmu daga Afirka a jirgin ruwa.

Nako ya haƙiƙance sayar da labarin za su yi. Don haka duk wanda ya zo, sai ya ƙera masa sabuwar kaka. Wani ya tafi da 'yar sarki, wani da mai maganin saran maciji. Ta gaskiyar, Gulatun, kifi take shanyawa a bakin teku, har ta rasu ba ta san sunan garinsu ba. Ita ya ɓoye.

Bara Shahnaz, 'yar ƙanwarsa, malamar makaranta, ta fara rubuta ƙagaggen labari a kan wannan kaka. Ta zo masa da shayi da wani ƙaton littafi.

"Wa ya turo ki?" in ji Nako.

"Haba Kawu, kai fa ka raɗa mini suna."

"Shi ya sa nake tambaya."

Ta buɗe littafin. "Ga shi wani farfesa ya rubuta. 'Yar sarki ce, an sato ta da mundayen zinariya a ƙafa."

"Ni na saka mata mundayen. Mutumin ya saya mini shinkafar biryani, na ga bai kamata ya tafi haka ba."

Ya leƙa waje, ya turo ƙofa, sannan ya faɗi abin da bai taɓa gaya wa kowa ba: gishirin da ya tsattsaga wa Gulatun hannu, da waƙar da take yi ba ta san ma'anarta ba.

Shahnaz ta kafe shi da ido. "Wa zai shaida?"

"Ni."

"Kawu, yanzun nan ka ce ƙarya kake yi wa mutane. Littafin nan kuwa har lambar shafi gare shi."

Littafinta ya fito da 'yar sarki. Gulatun ta samu layi biyu, a matsayin baiwar da ke riƙe wa gimbiya mayafi. Nako ya karanta layukan a tsaye cikin shagon littattafai, ya ce an rage wa kakarsa tsawo.