Mita Ukun Mevlude

Usta Rifki mai ɗinkin akumari ya doshi hamsin lokacin da gwamnati ta soke tsofaffin ma'aunai, arshin da oka, ta ce daga yau da mita za a auna tsawo, da kilo za a auna nauyi. A kasuwar garinsu Erbaa kowa ya yi gunaguninsa na ɗan lokaci ya saba, ban da shi. Kada a ɗauki alhakinsa, ba taurin kai ba ne, abin ne ya ƙi zama a kansa. Da gefe ɗaya canjin ya nufa da sauƙi. To mita ta fi arshin tsawo, kilo kuma bai kai oka nauyi ba, wato a ɗaya ragewa ake yi, a ɗaya ƙarawa, shi kuwa kullum sai ya juya su.

In ya je sayen igiya sai ya dawo da wadda za ta ɗaure jakunan unguwa kaf. In matarsa Mevlude ta aike shi wurin mahauci sai ya kawo abin da ba ya rufe gindin tukunya. Doguwar mace ce mai kaifin harshe, ba ta kuma raga masa.

"Usta, wannan naman na kyanwa ne ko namu?"

"Kilo ne, uwargida. Na rage, yadda kika ce."

"A yadi na ce ka rage, bawan Allah! Kai da jakunan da kake wa ɗinki ban san wa ya fi wani karatu ba."

Sai ya yi dariya ya sosa ƙeya. Allah bai ba su haihuwa ba, wannan tsiyar ita ce hirarsu, kuma yana jin daɗinta fiye da yadda zai yarda a gaban mutane. Da ta gaji sai ta yanke masa doka guda: in dai tsawo ne, duk arshin uku da ta faɗa, ya ce musu mita biyu. Ya riƙa maimaitawa yana ɗinki.

Ƙasar garin nan ba ta taɓa zama lafiya ba. Tun yana yaro ya san fitila tana lilo ba iska, ya san kofuna suna ƙara a kan kanta, mutane su fita tsakar gida su yi salati su koma. Amma girgizar hunturun 1939 ba irin waɗannan ba ce. Gidaje suka zube a kan masu su, dusar ƙanƙara ta rufe sauran. Su biyu sun fita da ransu. Ƙanwar Mevlude, Nazife, ba ta fita ba. Gawa ta yi yawa, farin yadi ya ƙare tun ranar farko, aka naɗe Nazife a buhun taba aka kai ta. Mevlude tana tsaye tana kallon tambarin ɗan kasuwa a kan ƙirjin ƙanwarta.

Daga ranar bakinta ya mutu. In keken doki ya wuce ƙasa ta ɗan motsa sai ta zabura ta yi waje ba takalmi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Ba mutuwar take tsoro ba, ta faɗa masa haka ƙarara. Buhun take tsoro.

"Usta, ban taɓa roƙonka zinariya ba. Abu ɗaya nake so. Likkafanina ya cika, ƙyalle biyar, farare, yadda ake yi wa kowace mace. Ka yi mini alkawari."

"Haba, wace irin magana ce wannan da rana tsaka?"

"Ka yi mini."

Ya yi mata. Alkawari kuwa kaya ne, Rifki ya ɗauke shi da gaske.

Lokacin yaƙi ne, ko da yake bai iso ƙasar ba, ya cinye kasuwa. Alawayyo sai a shagon gwamnati, shi ma sai an daɗe ana jira. Da labari ya zo cewa an sauke kaya, Mevlude ta lallaɓa gidan Gwaggo Gulizar mai wankan gawar mata ta tambaye ta nawa ake bukata. Tsohuwar, da yake sana'arta ta tilasta mata sabon awo tun tuni, ta ce mita goma. Mevlude ta dawo ta tarar da mijinta yana saka hula.

"Goma za ka ce. Ka ji? Goma."

Tun da suke ba ta taɓa ba shi lissafi da mita ba, da arshin take magana kamar uwarta. Saboda haka a hanya ya zauna a kan dutsen bakin masallaci ya baje yatsu. Uku ya zama biyu, uku ya zama biyu, uku ya zama biyu, ga ɗaya ya yi saura. Shida da ɗoriya ke nan. Ya ce a ransa a cika bakwai, kada a yi wa Mevlude ƙwauro. Ya tashi yana murna, don wannan ne karo na farko da ya tabbata bai juya ba.

Mai shagon ya ɗaga almakashi ya dube shi. "Bakwai, Usta? Me za a ɗinka?"

Da ya faɗa da an gyara masa nan take, don ba mai sayar da yadi da bai san awon likkafani ba. Amma bakinsa ya ƙi furta kalmar a kan matarsa tana raye. "Kai dai yanka," ya ce.

Mevlude ta karɓi ƙunshin ta jinjina shi a hannu. "Ya yi mini sauƙi."

"Mita ce, uwargida, ba kilo ba."

Ta yi dariya, dariyar da ya daɗe bai ji ba. Ba ta warware ba, don a wurinta warware likkafanin mai rai kiran mutuwa ne. Ta sa masa sabulu mai ƙamshi a tsakiya, ta ajiye a ƙasan akwati, ta matso da akwatin kusa da ƙofa. Tun daga nan ta samu barci, har ta koma yi masa tsiya a kan nama.

Shekara uku bayan waccan girgizar, wani yammaci dab da magariba, ƙasa ta sake tashi. Rifki yana ƙofar rumfarsa yana gwada wa wani jaki akumari. Ya ji ƙugi daga ƙarƙashin ƙafarsa, ya ga layin kasuwa yana lanƙwasa, sai ƙura. Da rarrafe da gudu ya isa gida. Bangon madafa ya faɗa mata tana gaban murhu. Akwatin kuwa yana nan bakin ƙofa, ko ƙwarzane babu.

Washegari, a bayan wani bargo da aka rataya tsakanin itatuwa biyu, Gwaggo Gulizar ta yi wankan. Rifki yana tsugune a waje cikin sanyi, abu ɗaya ne yake riƙe da shi: ko ba komai ya cika mata. Sai tsohuwar ta leƙo da yadin a hannu.

"Rifki, ina sauran?"

"Wane saura, Gwaggo? Goma ta ce."

"Goma na ce mata. Mita goma. Wannan bai kai ba, ɗana, ga ta kuma doguwa."

Ya dubi yatsunsa. A nan ya gane ashe an riga an rage, shi kuma ya sake ragewa.

Ya zaga garin kamar mahaukaci, amma wa ke da farin ƙyalle a rana irin wannan? Kowa nasa yake nema. Wani maƙwabci, da kyakkyawar niyya, ya miƙo masa buhu mai tsabta, ya ce a cike giɓin da shi. Rifki, wanda bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, ya yi masa tsawar da ta sa mutane suka waiwayo. Gwaggo Gulizar ta yi dabararta ta fitar da ƙyalle uku. Da su aka binne Mevlude.

Ya rayu bayanta shekaru masu dama. Ƙasa ta sake girgiza, hukuma ta gaji ta tashi garin ta mayar da shi can sama inda ƙasa ta fi tauri, aka bar maƙabarta a tsohon wuri. Shi dai ɗinkinsa yake yi, ba ya shiga hira. In zai sayi abu ba ya faɗin lamba, nuni yake da hannu, a ba shi abin da aka ga dama.

Sau ɗaya tak ya sake faɗin awo da bakinsa. Da yadi ya wadata bayan yaƙi, ya je shago ya ce mita uku, ya sa aka auna a gabansa sau biyu. Ya ɗauka ya nufi gidan liman, ya ajiye a gabansa, ya tambaya ko akwai halin a buɗe kabarin.

Liman ya ce masa: "Usta, ba a tone mamaci don wannan. Ƙyalle uku sun isar wa mace in an rasa, haka shari'a ta ce. Ka ba wani mabukaci, ladan ya je mata. Allah ba Ya auna likkafani."

"Na sani, Malam," in ji Rifki. "Amma ita na yi wa alkawarin."

Ya naɗe yadinsa ya sa a hammata, ya gangara hanyar tsohon gari.